Tebur Biyu a Ɗaki Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Garba. Gaisuwa mai yawa daga mahaifinka, tare da roƙon Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki. Amin.

Na ba mahaifiyarka takardar nan ta sa maka a akwati, don ka karanta ta bayan jirgi ya tashi daga Malam Madori. Ka san halina. In muna zaune ni da kai a zaure, ba na iya wuce "yi hankali" da "riƙe salla". Bakina nauyi yake yi a gabanka. Alƙalami kuwa da shi na ci abinci, bari in sa shi ya faɗi abin da na kasa.

Tun ranar da aka ji banki ya ɗauke ka akawu mutane suke shigowa yi mini barka, kowa kuma nasiharsa ɗaya ce, wai in ja maka kunne kada ka taɓa kuɗin mutane. Wannan bai dame ni ba, na san hannunka. Ni ma na yi shekaru a gidan kuɗi ban ci ko anini ba, amma gidan ya rushe, kuma ina cikin waɗanda suka rushe shi. Babu ɓarawo ko ɗaya a cikinmu. Abin da nake so ka gane ke nan kafin ka zauna a kujerarka.

Kana ƙarami sosai a lokacin, don haka bari in ɗauko maka daga tushe. Sa'ad da Turawa suka kawo maganar gama-kai ƙasar Haɗeja, manoman fadama da masuntan garin nan suka haɗu suka kafa asusu. Amfaninsa a fili yake. Da kaka shinkafa ba ta da daraja, manomi kuwa a matse yake, sai dillalai su saye ta a wulaƙance. Asusu ya ce a'a, kawo shansherarka, wato shinkafar da ba a cashe ba, mu ajiye a sito, mu ba ka rance ka biya haraji, ka yi wa iyali sutura. In damina ta yi nisa abinci ya yi tsada sai mu sayar, mu cire namu, mu miƙa maka ragowar. Masunta ma suna karɓar rancen sayen komar kamun kifi da na kwalekwale, mata masu sana'a suna kawo ajiya. Mutane suka yarda da mu ƙwarai.

Mu uku ne a kan aikin. Shugaba shi ne Alhaji Bukar, attajirin kanwa da banda, wanda kakanninsa suka taso daga bakin Chadi. Malam Isyaku ne ma'aji, kuɗi da mabuɗin sito suna hannunsa. Ni ne magatakarda, ba a fitar da buhu, ba a kashe sisi, sai na rubuta takardar izini. An tsara haka ne don kowannenmu ya zama ido a kan ɗan'uwansa. Tsarin ba shi da aibu, muddin mutanen suna magana da juna.

Kada ka ɗauka Alhaji Bukar mugu ne. Allah Ya jiƙansa, ban taɓa ganin mai kyauta kamarsa ba, ƙofar gidansa ba a rasa masu cin tuwo. Matsalarsa ita ce ba ya iya ce wa mutum a'a, ba ya kuma iya tsayawa a kan i. Duk abin da ka kai masa sai ya shafa gemu ya ce, "To madalla, za a duba." Ka fita kana murna. Wani ya shigo da kishiyar maganarka, shi ma ya fita yana murna. Sannan akwai wani abin da ban gane ba sai daga baya. Alhaji bai yi boko ba, mu biyu kuwa mun yi. A ransa yana tsoron in muka haɗa kai zai zama shugaba a suna kawai, muna rubuta abin da muka ga dama yana dangwala yatsa.

Da keke aka fara. Asusu ya sayi keke don zagaya ƙauyuka, sai Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Malam Audu, keken nan naka ne, kai ne mai yawo. Amma ka yi shiru tukuna, kada Malam Isyaku ya ji ba daɗi." Na koma gida har na faɗa wa mahaifiyarka. Ashe abin da ya faɗa mini shi ya faɗa wa Malam Isyaku. Ranar da keken ya iso, muna tsaye mu biyu kowa yana murmushi, sai ga mijin 'yar Alhaji ya haye ya tafi da shi. Da na yi ƙorafi, Alhaji ya rage murya ya ce, "Ya zan yi? Ma'aji ne ya ce in aka ba ka, shi zai ajiye aiki."

Daga nan magana ta riƙa zuwa mini ta bakin Alhaji. Yau Malam Isyaku ya ce rubutuna kamar kaji sun yi tono, gobe ya ce ina son kujerar shugaba. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa mutumin da muke cin goro ɗaya zai juya haka ba. Na haɗiye, na ƙullace shi. Shi ma ana kai masa nawa, waɗanda ban taɓa faɗa ba.

Garba, ofishinmu ɗaki ɗaya ne. Teburina yana gabas, nasa yana yamma, in na yi tari yana ji. Amma muka kai ga ba ma magana sai sallama. In ina son abu a wurinsa sai in rubuta a guntuwar takarda, in kira tsohon masinjanmu daga waje ya ɗauka ya ajiye masa, shi ma ya rubuto amsa. Ma'aikata suka ga haka suka rabu biyu, masu awo suna bayan ma'aji, 'yan dako suna bayana. Manomi zai taso daga ƙauye da asuba don karɓar rance, in ce masa ya je wurin ma'aji, ma'aji ya ce ya koma wurin magatakarda, mu biyu mu ce sai Alhaji ya sa hannu, Alhaji ya ce za a duba. Rana ta faɗi bawan Allah ya koma gida hannu wofi. Mu kuwa kowa yana ganin shi ne mai gaskiya, don ya bi doka.

Ga nasihata ta farko. In wani ya ce maka abokin aikinka ya faɗi kaza a kanka, ko da manaja ne da kansa ya faɗa, kada ka kwana da maganar. Tashi ka sami mutumin, ka gaishe shi, ka tambaye shi cikin ladabi. In ya faɗa, ka san matsayinka. In bai faɗa ba, ku biyu kun san da wa kuke zaune. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce. Ni na guje ta, ga abin da ya biyo baya.

Sitonmu yana bakin kogi, saboda yawancin shinkafar ta ruwa take zuwa. A wata shekara aka yi albarkar noma, sito ya cika har rufi. Malam Isyaku ya riƙe, yana jiran farashi ya kai ƙarshe, kuma ba laifi ya yi ba, aikinsa ke nan. Ana tsakiyar marka sai wasu masunta da suka gangaro daga wajen Miga suka tsaya a ofis. Babbansu ya ce mini, "Malam, ruwan bana ba irin wanda kuka saba gani ba ne. Can sama ya shanye gonakin da tun tasowata bai taɓa kaiwa ba. In kuna da kaya a ƙasa ku hau da su tudu."

Na tafi wurin Alhaji a take. Na ce, "Allah Ya ja zamanin Alhaji, a kwashe shinkafar nan a kai tudu, ko a sayar yanzu."

Ya ce, "Gaskiyarka, Malam Audu. Amma ka san mabuɗi yana hannun ma'aji. Bari in yi masa magana, za a duba."

Abin da ake bukata kaɗan ne, hayar jakuna da ladan 'yan dako, da rumfunan da za a ara a unguwar tudu. Ni zan rubuta izini, ma'aji ya fitar da kuɗi ya buɗe sito. Na dawo na zauna a teburina, Malam Isyaku yana zaune a nasa. Na dube shi, na ce a raina ai sito nasa ne, in yana so ya zo ya nemi takarda. Zan faɗa maka har abin da ya fi wannan muni. Wani ɓangare na zuciyata cewa yake, bar shi, in buhu kaɗan suka jiƙe kowa zai san wane ne bai iya aiki ba. Buhu kaɗan na zata.

Kullum da safe nakan bi ta bakin kogi in ga ruwa ya ƙara matsowa. Na sake komawa wurin Alhaji, ya ce ya yi magana, ma'aji yana tunani. Na riƙe wannan a matsayin hujjata, ai na faɗa wa shugaba, na fita haƙƙi.

Wata rana da hantsi ruwan ya karya gaɓa, kasuwa tana ci. Kafin a tara mutane ya kai gwiwa a cikin sito, kafin azahar ya kai ƙirji. Duk garin ya fito, har waɗanda ba su da ko mudu a ciki. Ni da Malam Isyaku muka shiga ruwa muna kama buhu ɗaya, shi kai ni gindi, ranar ce muka fara magana da baki bayan tsawon lokaci, "ɗaga", "riƙe", "bi a hankali". Na saman kawai muka tsirar. Da ruwa ya janye, shinkafar ta tsiro a cikin buhuna, fararen saiwoyi sun huda algarara, warin kuwa har unguwar tudu ana jin sa. Abincin shekara na gidaje masu yawa ke nan, ga rancen da suka karɓa yana wuyansu. A shekarar na ga magidanta sun sayar da shanun huɗa, na ga waɗanda suka tafi cin rani ba su sake dawowa ba.

Akwai wata tsohuwa, Iya Falmata, mai sayar da banda. Duk abin da ta tara ta sayi shanshera da shi ta kawo mana ajiya, da niyyar ta sake rufin ɗakinta ta kuma sayi akuyoyi. Ta shigo ofis ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta dubi teburina, ta dubi nasa, ta ce da Hausarta ta Barebari, "An ce kai ka sani, Malam Audu. An ce kai ma ka sani, Malam Isyaku. To ku gaya mini, tsakanin nan da nan akwai kogi ne? Da kun faɗa, da na aro muku kwalekwale." Ta juya ta fita. Har yau in na wuce ta ƙofar gidanta sai in sunkuyar da kai, ko da yake ta daɗe da rasuwa.

Baturen gama-kai ya zo daga Kano yin bincike. Aka zauna a zauren Alhaji, aka tambayi wa ke riƙe da mabuɗi. Alhaji ya ce ma'aji ne, kuma shi ya yi ta yi masa magana. Aka juyo kaina, na ce na sanar da shugaba tun da wuri. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi cewa ban rubuta izinin ba, ban kuma faɗi cewa ban taɓa buɗe baki na gaya wa ma'aji ba. Malam Isyaku ya dube ni. Aka sallame shi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kafin Hausa. Alhaji ma bai daɗe ba ya ce tsufa ya kama shi, ya sauka.

Ka lura da wannan, ɗana. Faɗa wa shugaba ba shi ne ƙarshen aikinka ba, musamman in ka san shugaban ba mai yanke magana ba ne. Irin Alhaji suna nan ko'ina, za ka same su a Kano, cikin Turawa da cikin namu. Ba a raina su, ba a yi musu tsaurin ido, amma ba a fakewa da su. In ka ga ɓarna tana tahowa, ka faɗa wa na sama, ka faɗa wa na gefe, ka yi naka ɓangaren tun ba a roƙe ka ba. Kuma duk ranar da ka ji zuciyarka tana jin daɗin kuskuren da abokin aikinka zai yi, ka tashi ka yi alwala, don wanda zai ɗanɗana kuskuren ba ya cikin ofis ɗin, yana can waje yana jiran ku.

Da a nan labarin ya tsaya da da sauƙi. Bayan saukar Alhaji sai aka ba ni riƙon asusun gaba ɗaya. Na rantse ba zan zama irinsa ba, sai na faɗa ɗaya ramin. Alhaji ba ya yanke komai, ni kuwa na ce ni zan yanke komai. Na gina sabon sito a tudu, na rataye duk mabuɗan a ɗamarata. Ko igiyar ɗaure buhu ba a saye sai na gani. Wanda ya yi kuskure in kira shi a gaban jama'a in wanke shi tas. In aka zauna taro ni ke magana, in na gama in ce akwai mai magana, kowa ya ce babu. Na ɗauka wannan shi ne tsari. Mutanen kirki biyu suka bar mu suka koma wurin 'yan kasuwa, na ce raggaye ne.

Wata rana na shiga sito da kaina na sa a ɗaga buhunan da ke jikin bango. Gara ta cinye na ƙasa, ta gina gidanta har ta hau. Ba ɓarnar kwana kaɗan ba ce. Na kira Ɗanjuma, babban mai awonmu, magidanci mai 'ya'ya, na hau shi da faɗa. Ya bari na gama sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na gani tun farkon bazara. Sau da yawa na zo ƙofarka. In na leƙa na ga fuskarka sai in koma. Na ce ko yau ko gobe zan same ka cikin sauƙi, ban same ka ba."

Na koma gida raina a ɓace, na ba mahaifiyarka labari ina jiran ta taya ni. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ai ba a ofis kaɗai ba ne. Nan gidan ma in aka ji takunka yara shiru suke yi. Garba ya yanke a ƙafa ranar nan, ya ɓoye har ya kumbura, don kada ka gani." Ka tuna wannan ciwon, tabonsa yana nan a diddigenka. Ban taɓa ce maka komai a kai ba. Yau na ce, ka yafe wa mahaifinka.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na raba mabuɗai, na koyi yin shiru a taro har wani ya yi magana. Amma yarda ta riga ta tafi. Manoma sun ga ruwa, sun ga gara, suka koma wurin dillalan da suka gudo daga gare su. Asusun ya yi ta ƙanƙancewa har aka rufe shi. Sitona na tudu yanzu fatu ake shanyawa a ciki.

Ana ta cewa Turawa sun kusa tafiya. In haka ne kujeru za su buɗe, kuma yaro mai ilimi irinka zai iya samun mutane a ƙarƙashinsa tun gemunsa bai cika ba. In ranar ta zo, ka auna kanka da abu ɗaya, shin ana kawo maka mugun labari da wuri? In kullum daɗi kake ji daga bakin mutanenka, ba lafiya ba ce, tsoronka suke ji ko sun gaji da kai. Wanda ya zo ya ce maka ya yi kuskure, ka fara gode masa kafin ka yi faɗa, faɗan ma a keɓe. In ka ce i ta zama i, in ka ce a'a ka faɗi dalili, kuma abin da ka faɗa wa wannan shi za ka faɗa wa wancan. Za ka sami manyan akawuna mutanen Kudu da suka daɗe a aikin, za ka kuma sami 'yan'uwanmu da za su ce ka zo ku haɗa kai a kansu. Ka gaishe da kowa, ka koya a wurin kowa, kada ka shiga ƙungiyar da ba ta da aiki sai zancen wasu.

Saura abu ɗaya. Bayan an rufe asusu na shirya na tafi Kafin Hausa ranar kasuwa. Na sami Malam Isyaku a kara, ya zama dillalin shanu, ya yi furfura. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo fura. Na faɗa masa duka, har abin da zuciyata ta raya mini, na ce na zo neman gafara. Da na gama sai ya ce, "Malam Audu, masuntan nan da suka zo, ai ina zaune ina ji. Kuɗin jakunan ma na ware su na ajiye a aljihun tebur. Jira nake ka rubuto." Na tambaye shi maganar rubutuna da tonon kaji. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi kuma an gaya masa na ce lissafinsa na 'yan koli ne. Muka zauna mu biyu, tsofaffi, a cikin ƙurar shanu, ba wanda ya iya shan furar. Ya yafe mini, na yafe masa. Waɗanda suka rasa abincinsu kuwa ba sa wurin balle mu roƙe su, wannan sai dai mu jira ranar da za a tara mu.

Mahaifiyarka ta sa maka banda da garin kuka a ƙullin da ke ƙasan akwati, ka ba maigidan da za ka sauka wurinsa rabonsa. Ka nemi masallacin unguwa tun ranar farko. Ka riƙa rubuto mana, ba sai da labari mai daɗi ba.

In kuma wata rana faɗin gaskiya ya sa aka kore ka, kada ka tsaya yawo a Kano kana jin kunyar dawowa. Hau jirgi ka taho. Gonarmu ta fadama tana nan, ɗakinka yana nan, ni da kaina zan zo tasha in ɗauki akwatinka, kuma babu wanda zai tambaye ka komai a gidan nan sai ka ci ka ƙoshi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronSa, Ya ba ka abokan aiki na gari, Ya sa kai ma ka zame musu alheri. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Audu.